Zaɓen Gundumomi A Gana: Kuɗin Kamfe Da Ba Mai Tambayar Inda Suka Fito

A ranar 19 ga Disambar 2023 ne al'ummar ƙasar Gana suka fita zaɓen 'yan majalisun gundumomi da na kwamitocin unguwanni, inda alƙaluman hukumar zaɓen ƙasar suka nuna cewa mutum sama da 66,000 ne suka tsaya takara. Daga cikinsu, 18,755 kujerar majalisar gunduma suka nema, wato kwatankwacin abin da a Nijeriya ake kira kansila, yayin da 47,502 suka nemi shiga kwamitocin unguwanni masu mutum biyar-biyar. An buga fastoci, an raba riguna, an yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika, an kuma ciyar da wakilan akwati ranar zaɓe. Waɗanda suka ci an rantsar da su, waɗanda suka faɗi sun rungumi ƙaddara. Amma daga cikin waɗannan dubban mutane babu ko ɗaya da doka ta ce ya zo ya faɗi nawa ya kashe, ko kuma wa ya ba shi abin da ya kashe ɗin.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙin bin doka suka yi. Babu takardar da aka ce su cike, babu ofishin da aka ce su kai, babu ranar da aka yanka masu. Abin da ya sa muka ga ya dace mu duba wannan lamari shi ne, Gana ƙasa ce da ake buga misali da ita a yankin Afirka ta Yamma idan ana maganar zaɓe. Tun da ta koma mulkin farar hula a ƙarƙashin tsarin mulkin 1992, sau huɗu mulki yana canja hannu tsakanin jam'iyyun NDC da NPP ta hanyar akwati, a zaɓukan 2000 da 2008 da 2016 da 2024. To idan ƙasar da ta yi wannan nisa tana da irin wannan giɓi a zaɓen da ya fi kowane kusa da talaka, lallai akwai abin dubawa.

Yadda giɓin ya samu

Idan za a iya tunawa, gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ce ta kafa majalisun gundumomi da dokar PNDC mai lamba 207 ta shekarar 1988, inda aka kasa ƙasar zuwa gundumomi 110. A lokacin babu jam'iyyun siyasa, domin an haramta su tun juyin mulkin ranar 31 ga Disambar 1981, saboda haka kowa da sunansa da fuskarsa ya tsaya. Da aka zo rubuta tsarin mulkin 1992 aka buɗe wa jam'iyyu ƙofa, sai aka bar ƙofar gundumomi a kulle. Sashe na 55(3) ya ce jam'iyya na iya tsayar da ɗan takara a kowane muƙami, ban da majalisar gunduma da abin da ke ƙasa da ita. Sashe na 248 kuma ya ƙara ɗaure maganar, inda ya wajabta wa ɗan takara ya gabatar da kansa a matsayin mutum shi kaɗai, kada ya yi amfani da alamar wata jam'iyya, sannan ya hana jam'iyya ta goyi bayansa, ko ta ɗauki nauyinsa, ko ta ba shi dandali, ko ta yi masa kamfe. Gundumomin sun yi ta ƙaruwa har suka kai 261, amma wannan ƙa'ida tana nan yadda take.

A gaskiya niyyar masu tsarin ba ta da laifi. Tunaninsu shi ne maganar kwata da famfo da shara da rumfar kasuwa ba ta buƙatar lema ko giwa, wato alamomin NDC da NPP. Don a sauƙaƙa wa marar ƙarfi, ba a karɓar ko sisi a matsayin kuɗin fom, kuma dokar zaɓen gundumomi ta 1994 ta ɗora wa hukumar zaɓe nauyin shirya dandali guda inda duk 'yan takarar mazaɓa za su hau su yi wa jama'a bayani. Ke nan a takarda, malamin makaranta ko tela ko direba na iya tsayawa ba tare da ya sayar da komai nasa ba. Wanda ya tsara zaɓen da yake ganin ba a kashe kuɗi a cikinsa kuwa, ba zai tsaya yana tunanin takardar bayyana kuɗi ba.

A ɗaya ɓangaren, Gana tana da dokar da ta shafi kuɗin siyasa, wato dokar jam'iyyu mai lamba 574 ta shekarar 2000, kuma idan mutum ya karanta ta zai ga ba ta yi sako-sako ba. Ta ce kwana 21 kafin babban zaɓe kowace jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe bayanin kadarorinta da bashin da ke kanta. Cikin wata 6 bayan zaɓe ta kawo cikakken lissafin abin da ta kashe. Kowace shekara kuma ta kawo rahoton asusunta da mai binciken kuɗi ya duba, tare da bayanin inda kuɗinta suka fito, kuma duk ɗan ƙasar da ya biya ɗan abin da aka yanka yana iya zuwa ya duba waɗannan takardu. Haka nan ɗan ƙasa ne kaɗai aka yarje wa ya ba jam'iyya gudummawa, kamfani kuma sai wanda aƙalla kashi 75 cikin 100 na jarinsa na 'yan ƙasa ne.

Sai dai duk waɗannan sharuɗɗa a wuyan jam'iyya aka rataya su. Dokar ba ta ƙayyade iyakar abin da mutum zai bayar ba, ba ta sa iyakar abin da za a kashe ba, ba ta kuma ce wa ɗan takara ya kawo nasa lissafin ba. Ga ɗan takarar majalisar dokoki ko na shugaban ƙasa, ana iya cewa aƙalla akwai jam'iyyar da za a riƙe. Shi kuwa ɗan takarar gunduma, doka ɗaya ta ce ba shi da jam'iyya, ɗayar kuma ta ce jam'iyya kaɗai take tambaya. A tsakanin waɗannan biyun ne ya sulale. Ko sharaɗin nan na hana karɓar kuɗin baƙo, da sunan jam'iyya aka rubuta shi.

Abin da ke faruwa a unguwa

Duk wanda ya san zangunan Gana, irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san ɗan majalisar gunduma ba ƙaramin mutum ba ne a unguwa. Shi ake bugawa ƙofa idan kwata ta toshe, ko fitilar titi ta mutu, ko 'yan sanda sun kama yaro, ko mai ciki ta rasa kuɗin asibiti. Kuma tun kafin a buga gangar zaɓe mai sha'awar kujerar yake fara biya. Ba a suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki bai leƙa ya ajiye wani abu ba. Majalisun matasa masu shan ataya suna jiran sukari da ganye, ƙungiyar ƙwallo tana jiran riguna, masallaci yana jiran tabarmi ko siminti. Dandalin da hukumar zaɓe ke shiryawa na yini guda ne, wannan hidima kuwa ta shekaru ce.

Sannan maganar cewa babu jam'iyya a zaɓen, magana ce da ko yaran unguwa ba su yarda da ita ba. Fasta ba ta ɗauke da lema ko giwa, amma jama'a sun san wane na wane ne, sun san wanda ɗan majalisar dokokin yankin yake so, sun kuma san wanda shugabannin jam'iyya na mazaɓa suka ce wa sauran su janye masa. Wannan ba zargin 'yan adawa ba ne kawai. Ita ce babbar hujjar da masu neman a gyara sashe na 55(3) suka riƙa kafawa a 2019, cewa jam'iyyu sun daɗe a cikin zaɓen, ta bayan gida suke shiga.

Abin tambaya a nan shi ne, me zai sa mutum ya zuba dukiya a kan kujerar da shekara da shekaru ba ta da albashi? Sashe na 250 na tsarin mulki ya bar wa kowace majalisa ta biya mambobinta daga abin da ta tara da kanta, wanda a aikace ya tsaya ga alawus na zama, da ɗan abin sallama a ƙarshen wa'adi, sai kuma babur da gwamnati kan raba. Sai a 2025 ne gwamnatin Shugaba John Mahama ta fara biyan su alawus na sidi 1,300 a wata. Babu shakka akwai masu tsayawa don kishin unguwa, kuma suna da yawa, wasunsu ma da bashi suke sauka. Amma ruwa ba ya tsami banza, kujerar tana da abubuwan da ke jawo mai kuɗi.

Na farko shi ne ƙuri'ar tabbatar da shugaban gunduma. A Gana ba jama'a ke zaɓen shugaban gunduma ba. Shugaban ƙasa ne ke ba da sunansa, kusan kamar yadda gwamnoni suka riƙa naɗa kantomomi a Nijeriya a baya, sai dai sashe na 243 ya ce ba zai hau ba sai ya samu amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta suka jefa ƙuri'a. Ita majalisar kuma ba duka zaɓaɓɓu ba ne, domin shugaban ƙasa na da ikon naɗa har kashi 30 cikin 100 na mambobinta. Bari mu buga misali da majalisa mai mutum 30. Tara naɗaɗɗu ne, 21 zaɓaɓɓu. Wanda shugaban ƙasa ya turo yana buƙatar ƙuri'a 20. Ko da naɗaɗɗun nan tara duk sun ba shi, sai ya nemo 11 daga cikin zaɓaɓɓu. Idan ya samu rabi amma bai kai adadin ba, akan sake zama cikin kwana 10. Mai karatu na iya ƙiyasta irin zirga-zirgar da ake yi a waɗannan kwanaki.

Ke nan jam'iyya mai mulki tana da dalilin da zai sa ta so mutanenta su cika majalisa, ita ma ta adawa tana da nata dalilin, musamman a yankunan da take da ƙarfi. Shi kuma ɗan majalisar da ya ci zaɓe da bashi a kansa, ranar wannan ƙuri'a ce ranar da kowa ke neman sa.

A ƙarshen 2021 wannan magana ta fito fili, lokacin da wani faifan bidiyo ya bazu daga Juaben a yankin Ashanti, inda aka ga mutumin da aka ba da sunansa don shugabancin gundumar, bayan 'yan majalisa sun ƙi amincewa da shi, yana neman wasu su maido masa da kuɗinsa. Ofishin mai gabatar da ƙara na musamman, wanda aka kafa da dokar 2017, ya gurfanar da shi a 2022 bisa tuhuma 26 da suka shafi cin hanci a zaɓe. Ba mu kawo wannan don mu yanke wa kowa hukunci ba, tuhuma daban, hukuncin kotu daban. Abin lura kawai shi ne, wayar hannun wani ce ta fito da maganar. Babu wata takardar hukuma da za a buɗe a ga kuɗin da suka shiga hannun waɗannan 'yan majalisa, ko kafin zaɓensu ko bayansa.

Na biyu, wanda zai iya ba baƙo dariya amma mazauna zango sun san ba abin dariya ba ne, shi ne ban-ɗakin haya. A unguwannin da suka cika maƙil a Akara da Kumasi, gidaje da yawa ba su da makewayi, saboda haka dubban mutane ke bin layi kullum suna biya kafin su shiga na gwamnati. Kuɗi ne tsaba da ke shigowa safe da yamma, ba rani ba damina. Tun a 2003 wasu masana biyu, Joseph Ayee na Jami'ar Gana da Richard Crook na wata cibiyar nazarin ci gaba da ke Ingila, suka wallafa wani bincike da suka kira yaƙin ban-ɗaki, inda suka nuna yadda kwangilar kula da waɗannan wurare ta riƙa faɗawa hannun 'yan majalisun biranen biyu da kamfanonin da suka kafa, har ta zama hanyar samunsu da kuma hanyar sallamar magoya baya. Shi ya sa ma idan gwamnati ta canja a Gana akan ji labarin matasan jam'iyyar da ta ci sun je sun ƙwace ban-ɗakuna da tashoshin mota. Wanda ke riƙe da irin wannan wuri, ko yake hangen sa, yana da kyakkyawan dalilin da zai sa ya buga wa ɗan takara fasta. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan waɗannan akwai rabon rumfunan kasuwa, da izinin gini, da ƙananan kwangiloli. Sashe na 252 ya ware wa gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a wani asusu na bai-ɗaya, kuma a kasafin 2025 gwamnati ta ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun zai riƙa tafiya kai tsaye zuwa gundumomi. Majalisa ce ke amincewa da kasafin gunduma. Duk lokacin da kuɗin da ke sauka suka ƙaru, darajar ƙuri'ar kowane mamba ta ƙaru ke nan.

Alƙaluman da aka fi sani kan tsadar siyasa a Gana na manyan kujeru ne, amma suna nuna inda iska ke kaɗawa. Wani bincike da cibiyar CDD-Ghana ta yi tare da gidauniyar Westminster, wanda ya fito a 2018, ya gano cewa kuɗin neman kujerar majalisar dokoki ya tashi da kashi 59 cikin 100 tsakanin 2012 da 2016, inda ya kai kimanin sidi 390,000, wato wajen dala 85,000 a lokacin. Bayan 'yan shekaru cibiyar ta sake wani binciken da ya kai adadin sidi miliyan 4, ta kuma ce wasu daga cikin masu ɗaukar nauyin 'yan siyasa suna da hannu a haramtattun sana'o'i, ciki har da haƙar zinaren da ake kira galamse. Wannan na ƙarshe ya shafi gundumomi kai tsaye, domin ramukan galamse da kogunan da suka gurɓata ba a Akara suke ba, a ƙauyuka suke, a gaban idon 'yan majalisun gunduma da shugabanninsu.

Yadda wasu suka yi

Ingila, wadda Gana ta gaji yawancin tsarin zaɓenta daga gare ta, ta daɗe da ɗora wannan nauyi a kan ɗan takara. Wanda ya nemi kujerar kansila a can, ko ya ci ko ya faɗi, dole cikin kwana 35 bayan sanar da sakamako a miƙa lissafin abin da ya kashe, tare da sunan duk wanda ya ba shi abin da ya haura fam 50. Takardun suna zama a ofishin jami'in zaɓe na yankin har shekara 2, kowa na iya zuwa ya duba. Wanda ya ci zaɓe bai miƙa ba kuma wa'adi ya wuce, doka ta hana shi zama ko jefa ƙuri'a a majalisar har sai ya kawo. A ganinmu wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙarfin dokar, domin ya haɗa takardar da kujerar.

A kusa da gida, Jamhuriyar Binin ta sa wa abin iyaka. Dokar zaɓenta ta 2019 ta ce kada kuɗin kamfe na ɗan takarar majalisar gari ya wuce sefa 1,500,000, sannan cikin kwana 60 bayan zaɓe a kai lissafi da rasiɗai gaban kotun binciken kuɗi. Sai dai a can jam'iyyu ne ke tsayar da jerin 'yan takara a garuruwa 77 na ƙasar, saboda haka akwai wanda za a kama da hannu.

Nijeriya kuwa ta fi kowa iya rubuta adadi. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce mai neman kansila a yankin Abuja kada ya kashe fiye da naira 500,000, ta 2010 ta mai da shi miliyan 1, ta 2022 ta kai shi miliyan 5, na ciyaman kuma miliyan 30. Amma ita ma jam'iyya ta ce wa ta kawo rahoto cikin wata 6, zaɓen ƙananan hukumomi 768 da ke jihohi kuwa yana hannun hukumomin zaɓe na jihohin. A 2024 hukumar zaɓen jihar Kano ta sanar da naira miliyan 5 a matsayin kuɗin fom na kansila, miliyan 10 na ciyaman, kafin maganar ta kai gaban kotu. Wato kuɗin fom kaɗai ya cinye duk abin da dokar tarayya ta ɗauka a matsayin iyakar kamfe na kansila. Darasin da Gana za ta ɗauka a nan shi ne, iyakar da babu mai lissafa ta ado ce kawai a littafin doka.

Masu ja da maganar

Ba kowa ne ya yarda a ɗora wa 'yan takarar gunduma wannan nauyi ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Akwai masu cewa hukumar zaɓen da ta sha fama da jam'iyyu 'yan ƙalilan kan su kawo rahoton shekara a kan lokaci, ina za ta kai takardu 18,000? Lokacin da ta soke rajistar jam'iyyu 17 a 2022 ma, rashin ofisoshi a faɗin ƙasa ne dalilin da ta bayar. Akwai kuma masu tsoron cewa takarda mai wuyar cikewa za ta kori manomi da 'yar kasuwa daga takara, ta bar fagen ga masu akanta da lauya. Wannan abin dubawa ne ƙwarai, ganin cewa matan da suka ci kujerun gunduma a zaɓukan 2019 da 2023 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Sai kuma hujjar da ta fi damun mu: a ƙaramar unguwa kowa ya san kowa. Idan aka liƙa sunan mai sayar da hatsin da ta ba ɗan takara gudummawa, ya zo ya faɗi, wa zai kare mata rumfarta daga wanda ya ci?

Duk waɗannan suna da magani idan an so. Ana iya taƙaita abin ga masu neman majalisar gunduma, a bar 'yan kwamitin unguwa. Ana iya yin takarda mai shafi guda, a kai ta ofishin hukumar zaɓe na gunduma, a kuma sa wani adadi wanda sai gudummawa ta haura shi za a rubuta sunan mai ita, ta yadda mai hatsi za ta tsira, ɗan kwangila kuma ya bayyana. Ba lallai ne hukuma ta bi kowace takarda ba. Abokin hamayyar da ya faɗi da ƙuri'a 40, wanda ya ƙirga rumfuna da buhunan shinkafar da aka sauke a unguwa, ya fi kowane mai binciken kuɗi zafin nama, in dai an ba shi damar ganin abin da aka rubuta. Kada kuma a rikita wannan da bayyana kadarori da sashe na 286 ya ɗora wa manyan jami'ai, wanda ake miƙa wa babban mai binciken kuɗi na ƙasa a rufe, ba a buɗewa sai kotu ko hukumar bincike ta nema. Irin wannan rufaffen bayani ba zai amfani mai zaɓe da komai ba.

Amma akwai ƙulli guda da shafi ɗaya ba zai kwance ba. Muddin sashe na 248 yana nan, duk ɗan takarar da ya rubuta gaskiya cewa jam'iyya ce ta buga masa fasta, ya rubuta shaida a kan kansa da jam'iyyarsa ke nan. Ba wanda zai yi haka. Abin da za a samu shi ne sunayen ƙanne da surukai da abokai a gurbin sunan jam'iyya. Saboda haka maganar bayyana kuɗi ba ta rabuwa da maganar ko a bar jam'iyyu su shigo ta ƙofar gaba.

An kusa yanke wannan magana a 2019. Gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta sa ranar 17 ga Disamba domin ƙuri'ar raba-gardama kan gyara sashe na 55(3), wanda ke cikin sassan da ba a taɓawa sai aƙalla kashi 40 cikin 100 na masu rajista sun fito, kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka fito kuma sun amince. Jam'iyyar NDC ta ce a ƙi, shugabancin majalisar sarakunan ƙasar ma ya fitar da sanarwar ƙin amincewa, bisa tsoron kada gabar jam'iyya ta raba kan ƙauyuka. A ranar 1 ga Disamba shugaban ya janye ƙuri'ar, yana mai cewa ba a samu haɗin kan ƙasa a kai ba. Abin da ya ba mu mamaki a muhawarar ta lokacin shi ne yadda aka fi ba da ƙarfi a kan ko jam'iyya ta shigo ko kada ta shigo, aka bar tambayar wa ke biya a gefe, alhali ko an ce e ko an ce a'a, tambayar tana nan.

Jama'a dai sun daɗe da nuna yadda suka ɗauki zaɓen. A na farko, na 1988 zuwa 1989, kimanin kashi 59 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Tun daga nan adadin ya riƙa yawo tsakanin wajen kashi 30 zuwa 40. Inda mutum uku kaɗai cikin goma ke fitowa a mazaɓar da ba ta da yawa, 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama, kuma ba a buƙatar dukiya mai yawa kafin a juya sakamako.

A watan Janairun 2025 Shugaba Mahama ya kafa kwamitin sake duba tsarin mulki a ƙarƙashin Farfesa Kwasi Prempeh, wanda shi ne ya jagoranci cibiyar CDD-Ghana da ta fitar da alƙaluman da muka ambata a sama, saboda haka ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Sai dai wajabta wa ɗan takara ya bayyana kuɗinsa ba ya jiran raba-gardama, majalisar dokoki na iya yin sa da doka ta yau da kullum, ko da kuwa ƙullin jam'iyya zai rage masa kaifi. Ana sa ran zaɓen gundumomi na gaba a 2027. Idan ba a taɓa dokar ba kafin lokacin, abin da hukumar zaɓe za ta nema daga mai son kujerar majalisar gunduma shi ne dai abin da ta nema a 2023: fom mai ɗauke da sa hannun masu rajista 20 na mazaɓarsa, da hotunansa.